Reshen da Helmi Ba Ta Gama Ba

Portland, 4 ga Satumba

Kawu Reino,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwar? Kada ka ce mini da sauƙi, na san halinka, ko rarrafe kake yi haka za ka ce. Ka je wurin likitan kuwa, ko har yanzu zaman ɗakin gumi na sauna ne maganin komai? Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ya fara tun yanzu, da aikin ofis da ba ya ƙarewa.

Ga labari. Ka san manhajarmu Brindle za ta fitar da sabon zubi ranar ashirin ga wata. To, masu kula da ita sun zauna sun ce ni zan gyara rumbun misalai. Na tambayi Marisol, shugabarmu, me ya sa sai ni. Ta ce, "Ai ke 'yar Helmi ce." Shi ke nan, na karɓi aikin.

Kawu, ka taɓa kallon rumbun nan da idon baƙo kuwa? Mutum ya ji labarin wata manhaja ta kyauta da ake gina shafukan yanar gizo da ita, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Ya zo da murnarsa zai koya, sai ya tarar da misalai talatin da huɗu a zube kamar kayan gwanjo. Goma sha takwas na Mama ne, sauran na duk wanda ya ga dama. Wasu ba sa ma tashi. Guda uku abu ɗaya suke koyarwa. Akwai wani mai suna "gwaji na biyu na gaske", don Allah wa zai san abin da ke ciki?

Zan buɗe sabon rumbu in jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne da 'yar takardar bayani a gaba: me zai koya maka, minti nawa zai ɗauke ka.

Sai wani abu da ya sa ni dariya har da hawaye. Kowa in zai rubuta misali sunayen ƙarya yake sawa. Mama fa? A misalin jadawalin shiga sauna, sunayen maƙwabtanmu ne na gaske, da lambobin wayarsu! Shekara bakwai lambar Misis Koskela na nan duniya na kallo. Taka ma tana ciki, sai dai kai ko an kira ba ji za ka yi ba. Dole a cire su duka.

Ba zan samu zuwa bikin godiya na Oktoba ba. Na san abin da na ce bara, kada ka tuna mini. Aiki ne.

Taka,
Kaisa


Thunder Bay, 8 ga Satumba

Kaisa 'yata,

Saƙonki ya iso, na ji daɗin jin kina lafiya. Ni dai da biro da takarda zan amsa. Maganar gida ba ta kwamfuta ba ce, haka tsohuwarmu ta koya mana ni da uwarki. Gwiwa da sauƙi. Iskar tafki ta fara cizo da safe, na riga na shigar da itace.

Ajin Asabar na laburare ya dawo, mutum tara bana. Har yanzu mamaki nake. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wayar lantarki a masana'antar takarda, yau ga ni wai malamin kwamfuta, don kawai Helmi ta ce kada in bar ajinta ya watse. Dorota Wasylyk ta dawo, shekararta saba'in da huɗu, ta rantse sai ta gina shafin sayar da abincin cocinsu kafin Kirsimeti.

Kayan gwanjo kika ce? Haba, yarinya. Uwarki ta san abin da take yi. Da misalin jerin tsuntsaye take fara koyarwa, don cikin minti goma mutum zai ga sunansa a allo da tsuntsun da ya gani a bayan gidansa. Daga nan ba ya gudu. Ki jera yadda kika so, amma ki tuna da wannan.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma in kika yi mini dariya ba zan yafe ba.

Kin san al'adarku ta masu wannan sana'a. Duk wanda ya gyara abu ya ajiye, sai ya bar ɗan bayani layi ɗaya kan abin da ya taɓa, ya shiga tarihin rumbun. Mutane "an gyara kuskure" suke rubutawa su wuce. Uwarki kuwa ba ta taɓa iya taƙaita magana ba. Ji wannan:

"Na gyara maɓallin aikawa. Ƙanƙara ta binne mota, Reino ya zo da shebur yana ta masifa kamar ni na zubo ta."

Ga wani:

"Na rage nauyin hotuna. Kaisa ta samu aikin Portland. Na yi mata murna a waya, na ajiye na yi kukana."

Sun fi ɗari shida, Kaisa. Wata bakwai bayan mun binne ta na gano su, ina neman wani abu daban don ajin. Tun daga ranar, kullum da safe in na haɗa kofi sai in buɗe shafin in karanta guda ɗaya. Ɗaya tak. Ba na tsallakewa, ba na leƙen na gobe. Minti biyu ne, amma a minti biyun nan ina da ƙanwa.

Saura hamsin. Tara na tsofaffin misalai ne. Arba'in da ɗaya kuma na misali na sha tara ne, wanda ba ta gama ba. Ba ta haɗa shi da sauran ba, ta bar shi a reshe nasa daban. Ta fara shi a watan Maris da aka soma yi mata magani, na ƙarshe kuma sati ɗaya kafin a kwantar da ita. Ko ɗaya ban buɗe ba. Tsoronsu nake ji, kuma su nake jira.

Ki cire lambobin waya, ki sauya sunaye, ki yi duk abin da aiki ya ce. Tarihin kawai nake roƙo ki bar mini inda yake.

Batun Oktoba kuwa ban ce komai ba. Ɗakinki dai na nan.

Kawunki,
Reino


18 ga Satumba

Kaisa,

Ga shi na rubuto ta kwamfuta, kin san ba lafiya ba. Da fatan kina lafiya.

Jiya na gama taran. Yau da safe na zauna zan fara na reshen, shafin ya ce babu wannan rumbu. Na sake gwadawa, na kashe na kunna, na je laburare na gwada a can. Babu.

Na san kaina, wataƙila ni na danna wani abu. Ko kuwa kin mayar da shi wani wuri ne? Turo mini sabon adireshin. Wasiƙata ta iso ki?

Reino


Thunder Bay, 2 ga Oktoba

Kaisa,

Sati biyu ke nan shiru. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Ni ina nan.

Dorota ce ta nemo mini sabon rumbun a wayarta. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, komai a jere kamar kantin magani. Na danna tarihi. Layi ɗaya ne a ciki, da sunanki a gefe:

"An fara da tsabta. An zubar da tsofaffin tarkace."

Na karanta shi ya fi sau ashirin. Tarkace. Shekara tara mace na zaune a teburin kicin tana wannan aiki ba wanda ya biya ta, tana amsa tambayoyin mutanen da ba ta taɓa gani ba, sai 'yarta ta cikinta ta zo ta share sunanta da layi ɗaya. Ko a misalan da ta rubuta da hannunta, yanzu sunanki ne ke fitowa a kan kowane layi.

In wasiƙata ce ta ɓata miki rai, ki faɗa. In kin ga tsohon banza ne ni mai magana da matattu da safe, shi ma ki faɗa, na ji abin da ya fi wannan a masana'anta. Amma shirun nan ba na iya ɗauka.

Na san kina jin haushin garin nan tun ranar jana'iza. Ko kwana uku ba ki yi ba kika koma. Ban tambaye ki dalili ba, na ce kowa da yadda yake kukansa. Yanzu kuwa ina tambaya: me ta yi miki?

Har yanzu ina haɗa kofin, in zauna a gaban kwamfutar. Sai in rasa abin da zan buɗe.

Reino


Portland, 10 ga Oktoba

Kawu,

Ban san yadda zan fara gaisuwa ba. Allah ya sa gwiwar ta bar ka ka yi barci. Ni ba na jin daɗin komai.

Ba ta yi mini komai ba. Ni na yi.

Wasiƙarka ta farko ta iso ranar sha shida. Na gane rubutunka, na ɗora ta kan firji na ce sai an fitar da zubin tukuna. Ranar sha bakwai da rana na goge tsohon rumbun. Ranar sha takwas na ga saƙonka, na je na buɗe ambulan a tsaye. Kawu, a ƙasan kicin na tsinci kaina.

Bari in gaya maka yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Cire lambobin waya daga misalan bai isa ba, don tarihi yana riƙe da komai, duk wanda ya koma baya zai gan su. Hanya biyu ce. Ko a bi tarihin a tsince lambobin, aikin kwana biyu, ko a share duka a fara sabo. Marisol ta tambaye ni har sau biyu. Ta ce, "Kaisa, kin tabbata? Aikin mamarki ne fa." Na ce, "Aikin ai yana cikin misalan. Tarihi wa ke karantawa?" Har kamfanin da ke ajiye mana rumbun na rubuta wa na ce su kankare shi kwata-kwata saboda sirrin mutane. Sun yi abin da na ce. Na koma na roƙe su, sun ce babu abin da ya rage.

Layin nan da ka karanta, wallahi ba ita nake nufi ba. Misalan da suka mutu nake nufi, da su "gwaji na biyu na gaske". Amma ba zan ɓoye maka ba, ba kwana biyun ne ya gagare ni ba. Ba na son in ga sunanta a jere ne. Ko kwafin da na sauke a kwamfutata, saman kawai na ɗauko, na bar tarihin da gangan. Ban san tana rubuta irin waɗannan abubuwa ba. Ban taɓa dubawa ba.

Garin ma haka ne. Ba haushinsa nake ji ba. Ina can ina sauraron ƙarar ƙofar baya, ina jiran ta shigo tana karkaɗe takalmi. Shi ya sa na gudu.

Shirun da na yi, nema nake. Na so in rubuto maka da abin a hannuna. Na sa cigiya a zauren masu amfani da Brindle, duk mai tsohon kwafi ya taimaka ya turo. Sai kuma kwamfutarta ta hannu, mai launin toka. Tana wurinka? In tana nan kada ka kunna ta, kada ka bar kowa ya taɓa. Komai yana ciki.

Ka yafe mini in za ka iya. In ba yanzu ba, zan jira.

Kaisa


Thunder Bay, 16 ga Oktoba

'Yata,

Na karanta. Lafiyata lau, na je wurin likitan ma, ya ce in rage hawa tsani. Shi zai share mini ganyen indararo?

Kwamfutar ba ta nan. Ta kwalejin da take koyarwa ce, ni da kaina na mayar musu sati biyu bayan rasuwar. Na je jiya na tambaya. Wata yarinya mai kirki ta duba ta ce an wanke ta an ba wani malami tun shekarar. Kin ga ke nan ba ke kaɗai ba ce mai saurin kawar da abu daga gabanki.

Asabar da ta wuce na shiga aji fuska a murtuke. Dorota ta jira kowa ya fita, ta tsare ni a ƙofa.

Ta ce, "Malam Reino, wa ya mutu kuma?"

Na gaya mata komai, har da abin da na rubuta miki.

Ta ce, "Kai dai ba ka da kai. Ka rasa ƙanwa, ita ta rasa uwa. Yanzu so kake ta rasa kawu ma?"

Na ce ba ta san komai ba. Ta ce ta san ni shekara arba'in, ya ishe ta. A gidanta na ci abincin bikin godiya, ta cika mini faranti kamar mai shirin yanka ni.

Na yi miki magana mai zafi. Wadda ta dace a ciki ki riƙe, sauran ki zubar.

Aikinki kuma, 'yan takardun bayanin nan sun yi amfani, ajin na yabawa. Amma wane mai hankali ne ya sa shirya kayan aiki a farko? Minti arba'in muna saukar da wannan muna saukar da wancan, ba wanda ya ga komai a allo. Mutum biyu ba su dawo ba. Ki mayar da tsuntsaye gaba.

Kwanan nan ina yawan tuna bazarar nan. Tana zaune a kicin da bargo a kafaɗa, tana buga maɓallan kwamfuta da yatsu huɗu kamar kullum. In na ce me kike ginawa, sai ta rufe kwamfutar ta ce, "Sai na gama, ɗan sa ido." Wani lokaci tana rubutu tana murmushi ita kaɗai. Abin da nake son sani ke nan, Kaisa, me ya sa ta murmushi a wannan hali. Ba wani abu ba.

In ba a samu ba, ba a samu ba. Kada ki kashe kanki da nema. Ki ci abinci.

Kawunki


Portland, 27 ga Oktoba

Kawu,

Na gode da wasiƙarka. Ka ji maganar likita, ka bar tsanin nan. Ina cin abinci.

Mutum goma sha ɗaya suka amsa cigiyar. Wani direban babbar mota a Manitoba ya ce da misalin tsuntsaye ya fara, yanzu da wannan aikin yake ciyar da gidansa. Wata malama a Monterrey ta turo kwafi cikakke har zuwa Fabrairun shekarar, ta ce Mama ta taɓa ɓata yini guda tana taya ta neman kuskure ɗaya. Da kwafinta na yi aikin kwana biyun da na ƙi yi. Na tsince lambobin, na mayar da tarihin. Buɗe ka gani, sunanta ya dawo kan kowane layi. Tsuntsaye ma sun koma gaba.

Na karanta su duka a Asabar da Lahadi. Ban iya irin haƙurinka ba. Ashe ta rubuta ranar da na karya hannu a kan ƙanƙara, da ranar da muka yi faɗa kan zuwana nan. Ta ce na fi ta gaskiya amma ba za ta gaya mini ba.

Reshen kuwa babu wanda ke da shi. Duk kwafin da aka turo ya girmi Maris, ko kuma gangar jikin kawai aka ɗauka. Wa zai sauke misalin da ba a gama ba? Na tambayi kowa sau biyu.

Na dawo maka da waɗanda ka riga ka karanta, na kasa dawo da waɗanda kake jira. Na san ba daidai ba ne.

Jiya na wuce wani gidan burodi na ji ƙamshi kamar na burodin pulla ɗin da Mama take gasawa ranar Asabar. Na shiga na saya. Ba shi ba ne, ko kusa. Ina kewar gida, Kawu. Yau na faɗa.

Kaisa


Portland, 5 ga Nuwamba

Kawu, ka zauna kafin ka karanta. Lafiya lau nake, ba abin tsoro ba ne.

Na same su.

Yau muna cin abincin rana da Marisol, ina ba ta labari, sai ta ajiye cokali ta ce, "Tsaya. Mamarki ba ta sa rumbun ya riƙa tura wa wani sanarwa ba in ta ajiye gyara? Tsofaffin hannu suna yin haka." Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna.

A Maris ɗin da aka soma yi mata magani ta kira ni ina tsakiyar taro. Ta ce ta fara sabon misali, tana son in duba mata. Na ce, "Mama, turo ta imel, zan gani." Washegari saƙo ya shigo mai kai irin na inji, sunan rumbu da lambobi. Irinsu ɗari nake samu a rana. Sai na yi abin da duk ɗan sana'ar nan yake yi, na kafa doka a akwatina: duk saƙo mai irin wannan kai ya wuce wata jaka kai tsaye, kada ya dame ni. Minti ɗaya ya ɗauke ni. Ban sake tunawa ba.

Na bar abincin na koma ofis da gudu. Suna nan a ƙasan jakar, a ƙarƙashin dubban sanarwa. Arba'in da ɗaya, ba wanda aka taɓa buɗewa.

Na buɗe na farko kawai, don in tabbatar. Ga shi yadda yake:

"Misali na sha tara: shafin da zai tuna wa mutum ya shayar da shukokin wanda ya yi tafiya. Harsashi kawai na kafa yau. Kaisa, na sa adireshinki don ki riƙa ganin inda na kai. Na san aiki ya yi miki yawa, ba sai kin amsa ba. Maganin bai kai yadda ake faɗa ba. Reino ya kai ni ya dawo da ni, bai yi masifa ko sau ɗaya ba, abin ya fi maganin ba ni tsoro."

Ba sai na amsa ba, in ji ta. Kuma ban amsa ba, Kawu. Wata uku tana rubuto mini, ina kiranta ranar Lahadi ina cewa yaya jiki, tana cewa da sauƙi, ba ta taɓa tambayata ko na gani ba.

Sauran arba'in ban taɓa su ba. Naka ne, kai ka jira su. Danna ɗaya zan yi su iso ka duka. Ko in riƙa turo ɗaya kullum da safe. Faɗi yadda kake so.

Kaisa


5 ga Nuwamba

'Yata,

Na karanta a zaune kamar yadda kika ce. Ƙarya take yi, na yi masifa ranar, a wurin ajiye motoci, ba ta dai ji ba.

Kada ki turo. Ba duka ba, ba ɗaya-ɗaya ba.

Kusan shekara biyu ina karanta abin da ta rubuta wa duk wanda ya zo wucewa. Waɗannan daban ne. Ba ni ta rubuta wa ba. Ba zan buɗe wasiƙar da ke ɗauke da sunanki ba alhali ke ba ki gani ba, kuma ba zan bari ki karanta su ke kaɗai a wani ofis ba.

Aikinki ai a kwamfuta yake, teburin kicin zai ɗauke shi. Ki gaya wa Marisol ɗin nan kina bukatar safiya arba'in. Ke za ki buɗe, ki karanta da ƙarfi don kunnen nan nawa, ni in saurara.

Gaya mini ranar in je filin jirgi. Ki zo da rigar sanyi ta gaske, ba irin ta Portland ba.

Kawunki,
Reino